Ranar da Aka Yi wa Yaron Littafi Addu'a

Shekarun baya can, ina koyar da adabin Faransanci a wata lise, wato makarantar sakandare, a Tahoua. Ni ce kuma ke riƙe da wani aji, don haka duk Laraba bayan an tashi nakan zauna, mai damuwa ya zo mu yi shawara. Yawanci maganar maki ce, ko yaron ƙauye da mai masaukinsa ya matsa wa.

A wata shekara muna karanta wani littafi, labarin saurayin da ya bar uwarsa a ƙauye ya tafi neman arziki bakin teku. Akwai wata ɗalibata 'yar wani ƙauye ta wajen Affala, tana zaune gidan kawunta a gari. Ba ta da surutu, amma duk Litinin sai ta ɗaga hannu da tambayar da ba ta cikin darasi. "Madam, da zai tahi, wa ya bar ma gonar?" Wata rana kuma, "Madam, uwar ba ta da ɗan'uwa namiji da zai bi sawunshi?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa in gyara tabarau in ce mu koma kan salon marubuci, ina jin kaina wata babbar masaniya.

Wata Laraba ta jira kowa ya fita, sannan ta zauna gabana tana murza bakin hijabinta.

"Madam, in mutum ya canza ƙarshen littahi, zunubi ne?"

Na ce ta yi mini bayani. Ashe duk Asabar takan tafi gida, matan unguwa su taru a tsakar gidan kakarta bayan la'asar, ta ba su labarin abin da muka karanta da Hausa. Tambayoyin nan da ake wa dariya, nasu ne take kawo mini. Kusan kowace tana da miji ko ɗa a wajen biɗa, can neman arziki a nesa. Kakar kuwa autanta ya tafi tun ɗalibar tana goye. Da farko yana aike, daga baya shiru. Tsohuwa ta hana a yi maganar mutuwa a gabanta, ta hana a yi masa sadaka.

Ita kuma yarinyar ta riga mu kai ƙarshen littafin. Saurayin ciwo ya kashe shi a can, uwarsa ba ta ma ji ba.

"Duk na zamna, tambayar kakata guda ce: 'Ya komo?' Asabar ɗin nan za mu kai wurin. Mi zan ce mata?"

Na ce, "Zan bi ki."

Ranar Asabar muka shiga motar Affala, daga nan kabu-kabu ya ƙarasa da mu. Mata sun cika tabarmi, wasu na ɓarar wake, wasu da goyo. Kakar 'yar ƙaramar tsohuwa ce, idanunta sun yi hazo, tana riƙe da carbi. Ta yi mini maraba, ta sa aka kawo fura.

Da yarinyar ta fara, na rasa gane ta. Wannan mai shiru a aji ita ce ke sauya murya, ta zama uwa, ta zama ɗa, mata na salati suna tsaki. Da ta kai inda ciwo ya kwantar da shi, ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Sai ya samu sauƙi, ya shiga mota, ya kamo hanyar gida..."

Tsohuwa ta ɗaga hannu. "Dakata. Muryarki ta sake. Tun kina ƙarama, in za ki yi ƙarya haka takan yi." Ta juyo wajena. "Malama, ke kin karanta. Ya komo?"

Na ce, "Bai komo ba, Inna."

"Ya rasu?"

"Ya rasu."

Hannuwan da ke ɓarar wake duk suka tsaya. Tsohuwa ta ja carbinta kaɗan, sannan ta ce, "An yi mai sutura? Akwai Musulmi kusa?"

Jikarta ta amsa tana hawaye, kuma wannan karon gaskiyar abin da ke littafin ta faɗa: abokan ɗakinsa sun yi masa wanka, sun sallace shi, sun kai shi makwanci.

"Alhamdu lillahi. To, ba a yar da shi ba." Can ta ce, "Ku ɗaga hannu mu yi ma yaron ga addu'a. Uwarshi ba ta sani ba, mu mun sani."

Muka ɗaga. Ta roƙa masa gafara, ta roƙa masa hasken kabari, murya ba rawa. Amma da ta zo ambaton suna, ba sunan yaron littafi ta kira ba. Sunan autanta ta kira. Babu wadda ta gyara mata. Muka shafa, mata suka fashe da kuka, ita ce ma ke ba su haƙuri.

Litinin da ta biyo, ɗalibar ta gaya mini kakar ta aika an kira liman, an toya masa, wato waina, an raba sadaka.

Har yau ina koyarwa, kuma har yau ina tuna tsakar gidan nan. 'Yan'uwa sun yi wa tsohuwar nan magana shekara da shekaru, malamai sun yi mata nasiha, ba ta motsa ba. Yaron da ba a taɓa haifa ba, wanda wani ya ƙaga da alƙalami cikin harshen da ba ta jin ko kalma ɗaya, shi ya kama hannunta ya kai ta inda ta iya binne ɗanta.