Bencin Baya

Wata rana, wata Lahadi da safe, wani mutum mai suna Habila ya tsaya a ƙofar wata ƙaramar majami'a a ƙauyensu, ya kasa shiga.

Rabonsa da ƙofar nan shekara goma sha biyu.

A da shi ne mai kiɗan ganga a ƙungiyar mawaƙa. Sai ranar wani ɗaurin aure ya sha burkutu ya yi tatul, ya zo ya zage dattawa tas a gaban baƙi.

Aka sa shi a horo na wata shida. Wato zai riƙa zama a bencin baya, ba ganga, ba Jibin Ubangiji, har ya cika wa'adinsa.

Wata shida kacal fa, jama'a.

Amma gogan naku ya ce shi ba zai zauna inda yara za su riƙa waigowa suna kallonsa ba. Ya tattara kayansa ya yi birni. Girman kai rawanin tsiya.

Can ya bar giyar ma da kansa, amma bai koma ga Allah ba. Duk sanda mahaifiyarsa Saraya ta kira shi ta ce ya dawo ya shirya da Ubangiji, amsarsa ɗaya ce: sai Kirsimeti.

Kirsimeti goma sha biyu suka wuce. Kafin ta sha uku, Saraya ta rasu.

Ya zo jana'iza, amma ko ranar bai shiga majami'a ba. A gindin mangwaro ya tsaya har aka fito da ita.

To yau, mako guda da binne ta, zuciya ta hana shi sakat, ya zo. Da ya leƙa, sai ya ga zanen zumuntar mata a ninke a kan bencin baya. Ya gane shi, na mahaifiyarsa ne.

Wata tsohuwa, Mama Briskila, ƙawar marigayiyar, ta zo ta dafa shi.

"Mama, wa ya kawo zanen mahaifiyata nan? Ai ita shugabar zumunta ce, gaba take zama."

"A da ke nan, ɗana. Tun Lahadin da ka tafi ta dawo nan. Ta ce ranar da za ka dawo, kada ka zauna kai kaɗai."



Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗanda suka shigo ikilisiyar daga baya sun ɗauka Saraya ce ke cikin horo. Aka yi ta gulma. Tsohuwa da furfura, ko wane abin kunya ta aikata? Wasu matan har suka daina zuwa gidanta addu'a. Mu masu bi, bakinmu ba ya hutawa.

Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta wanke kanta ba, don sai ta tona asirin ɗanta kafin ta wanku.

Kunyar da ya guda ta wata shida, uwarsa ta sha ta shekara goma sha biyu.

Ya shiga. Ya zauna kusa da zanen, ya yi kuka har aka tashi daga sujada. Yara suka waiwayo suka kalle shi, kuma bai mutu ba.

Ya cika wata shidansa cif. Ranar da aka karɓe shi, fasto ya kira shi gaba, mata suka rangaɗa guɗa.

Ya waiwaya baya. Ba kowa a bencin.

Darasi: Allah zai karɓe ka ko yaushe ka tuba, wannan ba shakka. Amma masu yi maka addu'a ba za su dawwama ba. Idan akwai mai jiranka, kada ka ce masa sai Kirsimeti.

Ka tura wa wanda ka san ya daɗe a bakin ƙofa. Wataƙila tasa uwar tana da rai.