Bakin Zaren Jafaru

Jafaru ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ɗinkin hula a wata rumfa a bakin babbar kasuwar Garuwa. Wajen 1973 idonsa ya fara dusashewa, zare ya daina shiga masa allura. Ya ce wa abokan rumfa ciwon baya ne, ya koma gida ya zauna.

Maƙwabciyarsu Madam Lucienne, 'yar Mokolo, matar wani direban kamfanin auduga, ita ke koya wa matarsa Ummuhani saƙar ulu. Ummuhani ba ta da hannu. In ta saƙa safa, sai ta fito kamar jakar goro. Wata rana haushi ya kama Jafaru, ya warware aikin ya sake shi, a nan ya gane wannan saƙa ba ta bukatar ido sosai, yatsu sun isa.

A Garuwa namiji zai yi ɗinkin hula ya yi tinƙaho, zai zauna a masaƙa a girmama shi. Amma tsinke biyu da ulu aikin mata ne, matan ma waɗanda ba su da aikin yi. Don haka Jafaru bai taɓa tambayar Lucienne komai da bakinsa ba. Sai ya aiki matarsa: "Ki ce ke ce kike son sanin yadda ake rage idon saƙa a saman hula." Lucienne ba sakara ba ce. Ta aiko da ɗan littafin Faransanci mai manyan zane, wanda ta samu wurin sistocin coci, ta ce a ba mai tambayar. Tsinke kuwa, wayar ƙafar keke ya goge da dutse. Ulu daga rigunan sanyi na gwanjo yake warwarowa, ya wanke, ya naɗe.

Hulunan jarirai da yake saƙawa a ɓoye suka yi kasuwa a gidajen suna, Ummuhani tana karɓar yabo tana sunkuyar da kai.

Sai aka kai ɗaya daga cikinsu gidan Ayuba, abokin rumfarsa, ranar sunan jikarsa. Mai ɗinkin hula ba ya riƙe hula bai juya cikinta ba. Ayuba ya juya, ya ga an ɓoye bakin zare da komawa baya sau uku. Washegari ya yi sallama a zauren Jafaru.

"Malam Jafaru, yaya bayan?"

"Da sauƙi."

"Na ga aikin Ummuhani. Tubarkalla."

"Tana taɓawa."

"To ka ce mata ta daina ɗaure zare irin na marigayi Malam Buba. Mu biyu kaɗai ya koya wa, ni kuwa ban saƙa ba."

Jafaru ya dubi tabarma. Ayuba ya ce ya kawo kayansa rumfa, wurinsa yana nan, wanda ya yi dariya shi zai ji da shi. Jafaru ya ce Allah ya saka, ya raka shi ƙofa.

Ayuba bai faɗa wa kowa ba, Jafaru kuma bai je ba. Abin da ya yi shi ne ya bar ɗaurin Malam Buba, ya koma na littafin, wanda ba ya riƙe ulun gwanjo. Hulunan suka riƙa warwarewa daga wanki na uku, mata suka fara cewa hannun Ummuhani ya lalace. Ya ji, ya kuma san maganin. A haka ya ci gaba da saƙa har ya rasu.