Kifin Inna Kulu da Gambar Iyaka

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Rabin abin da na sani a duniya a bakin murhun kakata Inna Kulu na ji shi, a gidanmu na Gwandu. Bayan magariba in ta sauke tuwo ba ta kashe wuta. Sai ta tura karan dawa, ta binne dankali a toka, mu kewaye ta. Ni ina damanta, Sahabi ɗan baffana yana hagu, kullum muna faɗa kan babban dankali. Kullum shi ke ɗauka.

Kakanmu ya je Makka a ƙasa, ya ƙetare teku cikin jirgin katako. Tsarabar da ya kawo mata ba ta wuce tasbaha da labarin wani kifi ba.

"Ku giwan ruwa kuka sani," in ji ta. "Gaban wanga kihi, giwan ruwa ɗan tsako ne. Bayanshi toka, cikinshi fari kamar likkafani. In haƙori guda ya faɗi, wani shina baya shina jira."

Wai wani masunci ne ya kama shi a taru a wani mashigin teku yana ƙarami. Bai ci shi ba, bai kuma sake shi lafiya ba. Don wasa ya tsaga fiffiken da ke tsaye a gadon bayansa, ya jefar da shi, ya ci gaba da kamun kifi a mashigin kamar shi ya halicce shi. Kifi ya nausa cikin teku, ya bi ruwan da ba tsuntsu ba jirgi, ya girma, shekaru suka shuɗe. Rana ɗaya ya juyo. Ba wanda ya nuna masa hanya, amma bai saɓa mashigin nan ba. Ya taso ta ƙasa, ya ciji jirgin masunci sau ɗaya tak, ya ja baya. Masunci yana kwarfar ruwa da ƙwarya, yana kallon tsagaggen fiffike yana zagaya shi.

"Inna, ya cinye shi?" Sahabi ya tambaya.

"Gaggawar mi shika yi? Wanda ya yi tafiyar shekaru, jiran wuni guda zai gagare shi?" Sai ta dungure ni. "Kai maigidana, wanga shirun naka ban son shi. Ci dankalinka."

Ba ta taɓa kai mu ƙarshe ba. Sai ta ce wuta ta mutu, a tashi.

Da babana ya rasu na tafi Legas, dako da gadi, shekara goma sha tara. Na bar uwata da gonar gado. Tsakanin rabonmu da na baffa akwai layin gamba da kakanmu ya dasa da hannunsa, shi ne iyaka. Sahabi ya cinna masa wuta, ya shigo da garmarsa, ya ce wa mutane wai ni Labbo teku ta cinye ni. Uwata ta ƙare kwanakinta tana awon gero a kasuwa, ga gonar mijinta tana gani. Wannan ban yafe ba, kuma kada wani malami ya ɓata yawunsa.

Yanzu na dawo, gadi nake a gidan hayar ɗalibai a Kalgo. Wata yarinya Nafisa ta ji ina ba da labarin kifin, ta miƙo mini waya. Ga hotonsa nan, toka da fari, yadda Inna ta faɗa. Ta ce sunansa shak. Masana kan gane kowane ɗaya da tsagar fiffikensa, suna liƙa masa na'ura, su ga ya ratsa teku ya dawo gaɓar da ya bari.

"Ramuwa ke dawo da shi?" na ce.

Ta yi dariya. "Haba Baba Labbo, abinci dai."

"To ni ma abincin ne."

Kuskuren Sahabi, ragon manomi ne. Gamba ba ta mutuwa da wuta, sai an tono saiwarta. Duk shekara in ruwan farko ya sauka sai ta tsiro, ya lallaɓa ya sare. Bana ya binne irin geronsa tun da rani, ruwa ya sauka ranar Alhamis, na ƙirga kwanaki. Ranar da gamba ta tsiro, da hantsi, kafin ya iso, na tsayar da mai unguwa da dattijai biyu a kan koren layi, miƙaƙƙe sambal tsakiyar geronsa. Na nuna musu da yatsa. Cizo ɗaya.

An yanke gonar tawa ce, da abin da ke kanta. Dattijai sun roƙa in bar shi ya girbe na bana, yana da baki goma sha ɗaya a gida. Ya zo da kansa, hula a hannu.

"Labbo, wuta ɗaya muka ji ɗumi."

"Ƙwarai. Je ka, ina tunani."

A da na ɗauka barci ke hana Inna ƙarasa labarin. Yanzu na gane fuskata ta duba, ta ƙi ba ni ƙarshen. Allah ya jiƙanta, ta makara. Gero ya fitar da kai. Duk Juma'a ina zuwa in zagaya gonar a hankali, da magirbina a kafaɗa, Sahabi yana tsaye daga can yana kallo. Har yau ban ba shi amsa ba.