Sawu Ɗaya a Gindin Kanya

A duk kwarin Luangwa babu wanda ya ciyar da manyan mutane kamar Yotamu Sakala. Ministoci sun ci ƙwan da ya soya, attajirai sun sha shayinsa, har wata tsohuwa da aka ce jikar sarki ce a ƙasarsu ta taɓa neman ƙarin burodinsa. Shekara ashirin da uku yana wannan hidima. Abin da ya rage kawai, babu ko ɗayansu da ya taɓa ganin fuskarsa.

Ba tsautsayi ba ne, aikin ke nan. Masaukin da yake yi wa aiki ya yi suna da karin kumallon daji. A fita da baƙi da sassafe kallon giwaye da zakuna, idan yunwa ta fara taɓa su sai mota ta karya kwana, su tarar da tebur a gindin wata kanya a bakin kogi, an shimfiɗa farin ƙyalle, shayi na tururi, ba kowa a wurin. Baƙi na son haka. Sun taso daga nesa ne don su zo inda babu mutane, kuma dole a sami mutumin da zai tabbatar babu su.

Yotamu ne wannan mutumin. Mota takan sauke shi da kayansa kafin rana ta ɓullo. Ya hura gawayi a bayan wani ƙaton suri, ya yi girki, ya jera faranti. Da oba-oba ta yi ƙara sau biyu, sai ya karyo reshen kanya ya riƙa ja da baya yana share sawunsa a kan yashi, har ya ɓuya a bayan surin. Ba ya sa takalmi, don takalmi yana nutsewa, sharar ta yi wuya. Nan zai tsuguna har a gama ci. Da murya ya san baƙi, da kuma abin da suka rage a faranti. Turancinsa ma a nan ya tsince shi, ta kunne, bai taɓa mayar wa kowa ba.

Akwai littafi a masaukin da baƙi ke rubuta godiya kafin su tafi. Idan damina ta kawo kai, hanyoyi za su rufe, manaja takan tara ma'aikata ta karanta musu. A ji sunan direbobi, a ji na masu girki da mai wanki, har wata dorina mai yankakken kunne an gode mata sau uku. Duk shekara in ya koma ƙauye, matarsa Tisauke takan tare shi a ƙofa da tambaya ɗaya: "To, bana an faɗe ka?" Ya ce, "Baɗi." Shekara huɗu da rasuwarta, amma har yanzu in ya buɗe ɗakin sai ya ce baɗi kafin ya ajiye jaka.

Bana gwiwoyinsa suka ƙi tsuguno, manaja ta ce ya huta haka. Ana gobe zai yi aikinsa na ƙarshe suna cin tuwon masara da Kangwa, jagoran da ke tuƙa baƙi. Kangwa ɗan ƙabilar Bemba ne, Yotamu mutumin gabas, ƙabilunsu abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Maci ɓera, an ce gobe za ka saki amaryarka, surin nan," in ji Kangwa. "Ka ba ta takarda ko dai yaji za ka yi?"

"Na bar maka gadonta, maci biri. Ta fi ƙarfin bakinka, ba ta amsawa." Yotamu ya ɗan juya lomarsa a miya. "Kangwa, sau ɗaya dai ka gaya musu akwai mutum a baya."

"Tsoho, so kake a kore ni? In na ce akwai mutum, jibi su ce giwayen ma hayarsu muka ɗauko."

"Sunana kawai."

"Ci tuwonka."

Da safe Yotamu ya yi komai yadda ya saba. Oba-oba ta yi ƙara, ya ɗauki reshe, ya ja da baya yana shara. Daf da ƙafar tebur ya tsaya. Ya danna ƙafarsa ta hagu cikin yashi mai laima, wadda babban yatsanta ya karkace waje tun ranar da amalanken shanu ya taka shi yana yaro. Ya share na gaba da na baya, ya bar wannan ɗaya. Duk wanda ya gani dole ya tambaya, wanda aka tambaya kuma dole ya ba da amsa.

Baƙi shida suka sauko, suka yi mamakin da aka tanadar musu. Ba a gama zuba shayi ba wata mata ta ce, "Kangwa, zo ka gani. Wannan na mene ne?"

Ta wata kafa a jikin surin Yotamu ya ga Kangwa ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe, fiye da yadda yake daɗewa a kan sawun damisa. Ya ɗago ya dubi surin, ya mayar da ido ƙasa.

"Bika ne," in ji shi. "Tsohon namiji. Kin ga babban yatsan? In sun tsufa garke yakan bar su, su riƙa yawo su kaɗai. Kullum da safe yana zuwa nan."

"Yana kusa?"

"Yanzu haka yana kallonmu. Ba zai fito ba."

Suka kewaye sawun suna ɗaukar hoto, kowa yana kaffa-kaffa kada ya taka. Matar ta gutsuri burodi ta ajiye a gefensa, ko da an hana ciyar da namun daji. Bayan tafiyarsu Yotamu ya fito ya kwashe faranti. Ya ɗauki gutsuren ya kaɗe yashi. Burodinsa ne, ya tashi da kyau.

Ranar karatun littafi ya zauna a bencin baya da jakarsa a ɗaure. Manaja ta karanta, ta karanta, har ta zo kan rubutun matar: godiya ga Kangwa da ya san daji kamar tafin hannunsa, da kuma tsohon bikan nan na gindin kanya, wanda ba ta gani ba amma ba za ta manta da shi ba. Aka yi tafi. Kangwa, da ba a raba shi da dariya, ya tsura wa takalminsa ido.

Yotamu ya isa ƙauye da hadarin farko. Ya buɗe ɗakin, ya tsaya a ƙofa, bai ce baɗi ba. Ya ajiye jakar.

Matar ta aiko da hoton daga baya. Yana nan rataye a ɗakin cin abinci na masaukin, an rubuta a ƙasansa: sawun bika.