Ranar da Na Yi wa Jikata Gangamin 'Yan'uwa

Ko na manta sunan shanuna, wannan ba zan manta da shi ba, don ni ne wawan labarin, kuma da rawanina na yi wautar.

Jikata tana sakandare ciwon suga ya kama ta, ga ta siririya kamar sandar kiwo. Kullum allura. Babanta yana da shi, ƙanwata ma haka. Dokita a nan Tamale ta aika jininta waje, aka ce an ga wani ɗan canji a ƙwayoyin gadonta, amma ba a san ko shi ne mai laifin ba ko ɗan kallo ne. Ta ce in kawo 'yan'uwana na jini. In duk mai ciwon yana ɗauke da canjin, to an kama ɓarawo, kuma mai yiwuwa yarinya ta bar allura ta koma ƙwaya.

Ni da na yi aji huɗu, ai na gane nan take: zaɓe ne, mai rinjaye ya ci. Bayan Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci a Kanvili ina tambaya wa ke da suga. Na samu mahauci, na samu tela, har da wani Badagombe mai tumbi da muke gaisawa a kasuwar shanu. Na cika motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, da su, na kai wa dokita a matsayin 'yan'uwana.

"Alhaji, duk ubanku ɗaya?" in ji dokita.

Na ce, "Marigayi mutum ne mai ƙoƙari."

Da sakamako ya dawo, sai na ga fuskarta ba daɗi. Ta ce tunda ga 'yan'uwa masu ciwo birjik kuma babu mai canjin, da alama ba ruwansa. A ci gaba da allura. Yarinya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini rawani.

Hajiya uwargidana ce ta leƙa jerin dangin da dokita ta zana a takarda, ta ce, "Dokita, wannan na ukun Badagombe ne. Ko Hausa bai iya ba sai ta ciniki."

Aka share rabin gidan ubana da biro. Aka nemo ƙanwata daga Dabokpa, wadda ban kira ba don muna 'yar gaba. Bayan watanni aka tabbatar canjin ne, aka cire allurar. A nan na koyi cewa jini ba ya karɓar ƙuri'ar maƙwabta.

Na so in gyara mutuncina, na ce wa jikar, "Amarya, ai don ke na tara jama'a."

Ta ce, "Tsoho, kowace saniya a garkenka ka san uwarta da kakarta. Da ni saniya ce, da ba ka yi mini ƙaryar asali ba."