Goggo Mena, Mai Sanar da Zuwan Matattu

Ƙarfe bakwai na safe Goggo Philomena Rideout, wadda muke kira Goggo Mena, take tura ƙofar baya ta gidan talabijin ɗin garinmu, ko hazon teku ya rufe tudu, ko ƙanƙara ta kai gwiwa. Ta rataye kwat, ta ɗora butar shayi, sannan ta buɗe jadawalin da hedikwata ta aiko daga Toronto. Shekara talatin da takwas ke nan tana haka, Juma'ar nan kuma za ta ajiye aiki. Ban taɓa rubutu don mutane su karanta ba, na yage takarda ta fi biyar kafin wannan. To amma na duba ban ga wanda zai faɗa ba idan na yi shiru.

Aikinta jera shirye-shirye: wanne zai bi wanne, minti nawa, ina talla za ta shiga. Na yamma ba ta da ta cewa a kansu, finafinan Amurka ne, Toronto ta riga ta kulle. Amma doka ta ce sai an nuna na gida, shi ya sa aka bar mata wani ɗan gurbi da ba mai so, uku da rabi zuwa huɗu na rana. A nan take saka tsofaffin kaset na rawar Asabar, waɗanda aka ɗauka a zauren coci tun mahaifiyata ba ta iya tafiya ba. Mai goge yana ja, masunta da matansu suna buga ƙafa a katako. Rabin mutanen da ke cikin kaset ɗin suna kwance a bayan cocin nan. Wasu ko kabari ba su da shi, teku ce ta riƙe su.

Shekararta ta farko a aikin, Goggo Mena ta saka wani kaset ba ta duba ba. Alfreda Pittman tana guga a gidanta, ta ɗaga kai, sai ga ɗanta Selby, wanda jirginsu ya kife shekara huɗu kafin nan, yana juyi da wata yarinya yana dariya. Maƙwabta suka ga ta fito ba takalmi, tana gudu cikin ƙanƙara tana kiran sunansa, har zauren coci. Zauren a kulle yake. Limamin cocin ne ya ɗaga ta daga bakin ƙofa.

Tun daga ranar, ba kaset ɗin da ya sake fita sai Goggo Mena ta kalle shi mako biyu kafin ranarsa, ita kaɗai a ɗakin da ba taga, tana tsayar da hoto fuska bayan fuska. Wanda ya rasu ta rubuta sunansa da mintin da zai bayyana. Sannan ta ɗauki waya.

"Vera? Mena ce. Ambrose ɗinki zai fito ranar Talata, minti na tara, ta hagu, da jar riga. Ki nemi kujera kafin lokacin, ko ki kashe."

Ba wanda ya sa ta, ba kuma a cikin takardar aikinta yake ba. Manaja Cyril yakan tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu ya ce, "Mena, yau kuma su wa kika tono mana?"

"Surukarka. Minti na sha biyu. Kamar kai take nema."

"Ki ce mata na fita."

Ana dariya, amma a garin nan idan waya ta yi ƙara aka ji muryarta, gida yakan yi tsit. Akwai waɗanda ke sauya layi idan sun hango ta a kanti. Goggo, kin san da haka, ba ki taɓa nuna kin sani ba. Ke ce mai tsaron ƙofar uku da rabi. Ke ce kika yarda a riƙa jin tsoron muryarki don kada wata uwa ta sake gudu ba takalmi.

Wata Litinin ta watan jiya wayar gidanmu ce ta yi ƙara. Kakata Effie ta rasu shekara uku ke nan. Mijinta, Kaka Hedley, yana gidan tsofaffi, kansa ya fara zuba, mantuwar tsufa ta kama shi. A wurinsa Effie kanti ta je, yanzu za ta dawo. Sau biyu aka faɗa masa gaskiya, sau biyun ya yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar, na biyun har sai da aka kwantar da shi asibiti. Daga nan dangi suka yi shawara ba za a ƙara faɗa masa ba. Talabijin ɗin falon gidan tsofaffin kuwa kullum a tasharmu yake.

Mahaifiyata Loretta ce ta ɗauka, ina kusa ina ji.

"Loretta, mamanki ce. Alhamis ta sama, minti na sha bakwai, har ƙarshe."

"Ki cire shi, Goggo Mena. Don Allah ki cire."

"Gida shida na riga na kira a kan kaset ɗin nan, 'yata, suna jira. Kuma daga farkon wata an ba masu tallan katifa gurbin, kaset ɗin za a kwashe su Toronto. Wannan ce rawar Effie ta ƙarshe a garin nan."

"To sai mu fitar da Baba daga falo."

"Wannan ke ce da iko. Amma idan kika bar shi, zan zo in zauna kusa da shi. In ta ɓaci, ki ɗora a kaina."

Kwana tara mahaifiyata tana juya maganar. Ranar Laraba tana yanka burodi ta ajiye wuƙa ta ce, ba ni take kallo ba, "Ya riga ni saninta." Shi ke nan abin da ta ce.

Ranar Alhamis hazo ya sauko har ba ka ganin motar da ke gabanka, ƙahon gargaɗin jiragen ruwa yana ta kuka tun safe. Goggo Mena ta bar teburinta da rana tsaka, abin da Manaja Cyril ya ce bai taɓa gani ba. Muka shiga falon gidan tsofaffin mu uku, muka tarar da Kaka ya yi aski, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ja kujera har gaban talabijin. Nas ɗin gidan ta rantse ba wanda ya gaya masa komai.

"Baba, ina zuwa haka?" in ji mahaifiyata.

"Ba inda za ni. Effie ce ta ce uku da rabi."

Mahaifiyata ta kama hannuna ta matse har yatsuna suka mutu. Kaka ya juya ya ƙare wa baƙuwar kallo.

"Philomena Rideout. Ke har yanzu ba ki yi aure ba?"

"Kai nake jira, Kawu Hedley."

"Kin makara, yarinya. Ina da mata."

Goge ya fara. Ni agogon bango nake kallo, ba talabijin ba. Da doguwar allura ta kai inda aka ce, sai na ji Kaka ya ja numfashi. Ga kakata Effie nan, siririya, da shuɗiyar riga, gashi baƙi wuluk, tana shigowa layi daga dama. Ban taɓa sanin ta da baƙin gashi ba. Ta yi rawa har mai goge ya sauke hannu. Kowa a zauren ya juya yana tafa masa. Ita kaɗai ce ba ta juya ba. Ta matso gaba, ta dubi cikin falon da muke, ta ɗaga hannu ta daɗe ba ta sauke ba.

Kaka ya ɗaga nasa.

Tallar sabulu ta shigo. Ƙahon nan kawai ake ji daga bakin ruwa.

"Ta mutu ko, Loretta?"

Mahaifiyata ta dube shi. "E, Baba."

Nas ta matso kusa. Hawaye ya gangaro masa, ya sa bayan hannu ya share.

"To ai yanzu ta yi sallama," in ji shi. "Wancan karon ba ta yi ba." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wai gidan nan ba a ba da shayi ne?"

A mota Goggo Mena ta juyo gare mu kafin ta tada inji. Ta ce sau uku ta kalli kaset ɗin nan, fuska bayan fuska, ba ta ga wannan ɗaga hannun ba. Sai ta ce wataƙila idonta ne ya tsufa, dama lokacin ajiye aiki ya yi. Ni ban san abin da zan ce a kai ba, na rubuta yadda na gani ne kawai. Kaka dai yana nan, yana cin abincinsa, ranar Lahadi ma shi ya ce a kai shi kabarin Effie.

Goggo, mun gode. Gidan Pittman sun gode, Vera ta gode, gidanmu ya gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai. Daga Litinin na'ura ce za ta riƙa jera mana shirye-shirye daga Toronto, kuma ba ta san ɗan kowa ba. Saboda haka aikin ya dawo kanmu. Duk wanda ya tono tsohon hoto ko bidiyo a wayarsa, kafin ya watsa wa dangi, ya tsaya ya dubi fuskokin da ke ciki, ya tuna wa zai buɗe shi yana tsaye shi kaɗai a kicin. Ya kira shi tukuna, ya ce masa ya nemi kujera.