Jan Zaren da Ban Ɗaura wa Ishaku Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Dakta Ishaku, kuma har yau ban daina yi masa hassada ba. 'Yarsa Rahila ce ta roƙe ni in yi wannan rubutu a matsayin babban aminin mahaifinta. Tun tana ƙarama Baba take kirana, kuma na san abin da zan faɗa yana iya raba ni da wannan sunan.

Benci ɗaya muka zauna da shi a sashen ilimin sinadarai na jami'a a Samaru, muna neman digiri na uku. Ni robobi na zaɓa, kayan aikina daga ƙasar waje suke zuwa. Shi kuwa sabulu ya runguma, sabulun ma na salo. Duk Asabar sai ya hau keke zuwa Sabon Gari, ya tsuguna gaban tukunyar wata tsohuwa mai dafa shi. Yana neman daidai zafin da sabulu ke shiga wani hali, shi ba ruwa ba, shi ba daskararre ba, yana malala amma ƙwayoyinsa a jere suke. In ka sa shi a madubin ƙara girma sai ka ga launuka kamar atamfa. Mai Salo muke ce masa, muna dariya. Sai ga manyan malamai suna layin leƙa madubinsa, ni ko sannu.

Ɗakin gwajinmu yana da ƙa'ida: duk wanda ya gano kayan aiki ya lalace, ya ɗaura masa jan zare. Na gano wani ma'aunin zafi yana ƙari, na daina amfani da shi, ban ɗaura ba. Ina tsaye Ishaku ya ɗauka, na yi gum. Wata takwas yana awo da shi. Mai jarrabawa ya ce alƙalumansa ba su yi daidai ba, aka ƙara masa shekara, na riga shi zama Dakta. Har gida ya zo da lemo ya taya ni murna, na sha kuwa.

Da yana raye yau, da na san inda zan same shi. Mata a unguwannin Palladan da Bomo kowacce na haɗa sabulun ruwa a baho, da yana can yana yi musu tambayoyi. Fuskar wayar da ɗalibai ke latsawa ma, da yawa da irin wannan hali na sabulunsa take aiki. Kundinsa a laburare ya yi daƙal-daƙal don karatu. Nawa, ni Farfesa, yana nan fes.

Kafin in kai rubutun nan jarida, na kira Rahila na karanta mata.

"Baba, ai mahaifina ya sani," in ji ta. "Ya ce ku biyu ne a bencin, kuma kai kaɗai ka daina taɓa ma'aunin. Ya hana Mama ta yi maka zancen."

"To me ya sa ki nemi ni in rubuta?"

"Shi ya ce in ana son jin labarinsa a tambaye ka, don babu wanda ya taɓa sa masa ido kamarka."

Abin da ya rage na Ishaku ke nan a wurina. Na yi shekaru ina jin haushin ya fi ni iya aiki, yanzu kuma ga wani sabo: mutumin nan har a haƙuri ya fi ni, kuma ya tafi inda ba zan iya ramawa ba. Allah ya jiƙanka, Mai Salo.